Tambayoyi da amsoshi ga mai son fahimtar ƙwayoyin asali da nazariyyar tsirkiya

Tambayoyin nan su ne suke yawan maimaituwa a bakin ɗaliban fiziks, da malaman sakandare, da waɗanda bidiyo ɗaya na YouTube ya hana su barci. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, amma kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta. Abin da Turawa ke kira string theory mun kira shi nazariyyar tsirkiya, dalilin yana tambaya ta 8.

1. Mene ne ƙwayoyin asali? Ashe ba ƙwayar zarra ce mafi ƙanƙanta ba?

Haka aka ɗauka har ƙarshen ƙarni na 19. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktaron a Kambirij, aka fahimci cewa zarra ma tana da 'yan ciki. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyinta yana dunƙule a wata 'yar cibiya, sauran jikinta fili ne. Da za a kumbura zarra ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba. Cibiyar kuma furoton ne da niyutiron, wanda James Chadwick ya gano a 1932, su ma kowanensu kwak uku ne a ɗaure.

Ƙwayar asali ita ce wadda duk bugun da aka yi mata zuwa yau ba a ga ta fashe ta fitar da 'yan ciki ba. Ilaktaron yana cikinsu, kwak ma haka. Furoton ba ya ciki. A lura da "zuwa yau" ɗin nan, domin zarra ma ta taɓa riƙe wannan sarauta kafin a tuɓe ta.

2. Su nawa ne, kuma me ya sa sunayen suka yi yawa haka?

Goma sha bakwai ne, kuma jadawalin da ya tattara su tare da dokokin mu'amalarsu shi ake kira Daidaitaccen Tsari. Akwai kwak shida, akwai lefton shida (ilaktaron, miyuwon, tawu, da niyutirino iri uku), akwai masu isar da ƙarfi huɗu, wato foton da guluwon da W da Z, sai ƙwayar Higgs ita kaɗai.

Abin da zai sauƙaƙa maka hadda shi ne, duk abin da hannunka ya taɓa, daga tuwo har ƙarfen mota, ƙwayoyi uku ne suka gina shi: kwak na sama, kwak na ƙasa, da ilaktaron. Na sama yana da caji +2/3, na ƙasa −1/3. Haɗa na sama biyu da na ƙasa ɗaya, ka sami +1, furoton ke nan. Haɗa na sama ɗaya da na ƙasa biyu, ka sami sifiri, niyutiron ke nan. Sauran kwak da lefton masu caji 'yan uwa ne masu ƙiba da ba sa daɗewa a duniya. Miyuwon, misali, ilaktaron ne a komai sai dai ya ninka shi nauyi sau 207, kuma yana mutuwa cikin kimanin kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa. Kwak da lefton sun kasu gida uku, amma dalilin da ya sa gidajen suka zama uku, ba biyu ko biyar ba, har yau babu wanda ya sani.

Kusan kowace ƙwaya tana da kishiya mai nauyi iri ɗaya da caji akasin nata. Kishiyar ilaktaron ita ce fositiron, wadda lissafin Paul Dirac na 1928 ya kai ga hasashenta, Carl Anderson ya gan ta a 1932. Kishin na gaske ne: in suka haɗu, duka biyun halaka suke yi, su koma haske.

3. Wa ya taɓa ganin kwak da idonsa? Ta yaya aka san akwai shi?

Babu wanda ya gani, kuma ba a taɓa kama kwak ɗaya tilo ba. Murray Gell-Mann da George Zweig ne suka kawo shawarar a 1964, kowa daban, don su bayyana tarin ƙwayoyin da injuna ke ta fitarwa. Da farko mutane da yawa sun ɗauke shi dabarar lissafi kawai. Sai a 1968, a cibiyar SLAC ta Kalifoniya, aka harba ilaktaron masu ƙarfi cikin furoton, aka ga wasu suna karkacewa sosai, kamar wanda ya jefa tsakuwa cikin buhun auduga ya ji ta bugi ƙarfe. Daga yadda suke karkacewa aka lissafa cajin abubuwan da ke ciki, ya yi daidai da abin da aka yi hasashe.

Dalilin da ba a raba kwak da 'yan uwansa shi ne, ƙarfin da ya ɗaure su ba ya raguwa in ka ja su nesa da juna. Kana ja makamashi yana taruwa, har ya isa ya haifi sabon kwak da kishiyarsa, sai ka tashi da ƙwayoyi biyu a ɗaure maimakon ɗaya a sake. Wannan salon sani, a yi hasashe da lamba sannan a auna a ga ko ya yi daidai, shi ne ma'aunin da za mu ɗora nazariyyar tsirkiya a kai a tambaya ta 11.

4. Waɗanne ne ƙarfi huɗu da ake ta faɗa?

Na farko ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda foton ke isarwa, shi ya riƙe ilaktaron a jikin zarra, kuma duk ilimin haɗa sinadarai a kansa yake. Na biyu ƙarfi mai tsanani, na guluwon, wanda ya ɗaure kwak. An sami shaidar guluwon a 1979 a cibiyar DESY ta Hambog. Na uku ƙarfi mai rauni, na W da Z, wanda ke iya juya kwak na ƙasa ya koma na sama. Ba don shi ba da rana ba ta ci wuta ba. An gano W da Z a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, a 1983, bayan Sheldon Glashow da Abdus Salam da Steven Weinberg sun riga sun karɓi kyautar Nobel ta 1979 kan lissafin da ya haɗa ƙarfi mai rauni da na lantarki a tushe ɗaya.

Na huɗu jan nauyi ne, wanda ake yawan kira maganaɗisun ƙasa, duk da cewa ba shi da alaƙa da maganaɗisu. Shi ne mafi rauni nesa ba kusa ba: ɗan maganaɗisun cikin tsohuwar rediyo yana ɗaga ƙusa alhali duniya gaba ɗayanta tana jan ƙusar ƙasa. Kuma shi kaɗai ne ba ya cikin Daidaitaccen Tsari, wanda shi ne tushen rigimar tambaya ta 7.

5. Mece ce ƙwayar Higgs, kuma me ya sa ake jingina ta da sunan Ubangiji?

Laƙabin nan sunan wani littafi ne na 1993 da 'yan jarida suka ɗauka suka yaɗa. Ba shi da alaƙa da aƙida, masana ba sa amfani da shi, Peter Higgs da kansa bai so shi ba.

Maganar ita ce, lissafin ƙarfi mai rauni yana aiki da kyau ne in W da Z ba su da nauyi, amma suna da shi, har sun ninka furoton sau 80 zuwa 100. A 1964 Higgs, da kuma François Englert tare da Robert Brout, suka nuna cewa in akwai wani fili da ya cika sarari ko'ina, ƙwayoyi za su sami nauyi gwargwadon yadda suke mu'amala da shi. Foton ba ya kula shi, shi ya sa ba shi da nauyi. In har filin gaskiya ne, to in aka girgiza shi sosai dole wata ƙwaya ta fito. Shekara 48 aka yi ana jira. Ranar 4 ga Yuli 2012 ayarin masana biyu na CERN, ATLAS da CMS, suka sanar da ganinta, nauyinta kimanin GeV 125 (GeV ma'aunin makamashi da nauyin ƙwayoyi ne), wato nauyin furoton 133. Englert da Higgs sun sami Nobel a 2013, Brout ya riga ya rasu a 2011.

Kuskuren da ya yaɗu shi ne cewa Higgs ce ta ba ka duk nauyin jikinka. Nauyin kwak ukun da ke cikin furoton bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Ragowar makamashin guluwon ne da kai-komon kwak, bisa dokar Einstein cewa makamashi da nauyi abu ɗaya ne.

6. Yaya injin CERN yake aiki? Ba shi da haɗari?

Injin, wanda ake kira LHC, zobe ne mai kewayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, a kan iyakar Suwizalan da Faransa kusa da Janeba. Manyan maganaɗisai 1,232, waɗanda aka sanyaya zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri, su ke lanƙwasa hanyar furoton, waɗanda ke zagaya zoben fiye da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya. Ayari biyu ne suke gudu suna fuskantar juna, a wurare huɗu ake haɗa su su yi karo. Tun 2022 ƙarfin karon ya kai TeV 13.6, wato GeV 13,600. Makamashin karon ne yake zama sababbin ƙwayoyi, na'urori su ɗauki sawunsu.

Batun haɗari kuwa, ƙwayoyi daga sararin samaniya suna dukan iskar duniya da ƙarfin da ya fi wannan tun biliyoyin shekaru, ga duniya nan ba ta je ko'ina ba. Daga wannan dukan ne miyuwon ke zubowa, kusan guda ɗaya yana ratsa tafin hannunka a kowace daƙiƙa.

7. In Daidaitaccen Tsari yana aiki haka, me ake nema kuma?

Yana aiki ƙwarai, amma yana da giɓi. Ba ya ɗauke da jan nauyi. Bai san ɓoyayyen abun da masana taurari suka lissafa ya kai kusan kashi 27 cikin 100 na abin da ke cikin sararin samaniya ba, alhali irin kayan da muka sani kashi 5 ne kacal. A siffarsa ta farko niyutirino ba shi da nauyi, sai gwajin Super-Kamiokande na Japan a 1998 da na Sudbury a Kanada a 2001 suka nuna yana sauyawa daga wani iri zuwa wani a hanya, abin da ba zai yiwu ba sai da nauyi. Bai kuma bayyana dalilin da ya sa kishiyoyin ƙwayoyi suka ɓace aka bar namu ba.

Mafi taurin kai shi ne jan nauyi. Nazariyyar Einstein ta 1915 ta ce jan nauyi lanƙwasar sarari da lokaci ne, kuma duk gwajin da aka yi mata ta ci. Amma in ka bi da ita ta hanyar lissafin kwantam, wato dokokin ƙananan ƙwayoyi, da ya yi wa sauran ƙarfi uku aiki, a matsanancin makamashi amsoshin sai su riƙa fitowa marasa iyaka ta yadda ba a iya gyarawa. A tsakiyar baƙin rami, inda jan nauyi ya yi ƙarfin da ko haske ba ya fita, da farkon faɗaɗar sararin samaniya ana buƙatar duka biyun a lokaci guda.

8. To mece ce nazariyyar tsirkiya?

Ka dubi mai goge. Tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki, amma gwargwadon inda ya ɗora yatsa, sauti daban-daban take fitarwa. Nazariyyar ta ce ƙwayoyin asali ba ɗigo ba ne marasa tsawo, 'yan zarurruka ne masu rawa, wasu a buɗe da bakuna biyu, wasu a rufe kamar zobe. Salon rawa ɗaya ya bayyana a matsayin ilaktaron, wani foton, wani kwak. Maimakon ƙwayoyi 17, sai a ce abu ɗaya ne da sautuka masu yawa.

Abin da ya sa masana suka ɗauke ta da gaske ba wannan kwatancin ba ne. Cikin salon rawar zobe akwai ɗaya da dole ya fito ko ba a nema ba, kuma siffofinsa su ne daidai na girabiton, ƙwayar da za ta isar da jan nauyi. Sannan da yake tsirkiya tana da tsawo, karo ba ya faruwa a ɗigo ɗaya, amsoshi marasa iyaka na tambaya ta 7 sai su lafa. Iyakar kwatancin goge ke nan: ita wannan tsirkiyar ba da wani abu aka yi ta ba, tambayar "da me aka murza ta" ba ta da gurbi a cikin nazariyyar.

9. Wa ya ƙirƙiro ta?

Tuntuɓe aka yi da ita. A 1968 Gabriele Veneziano ya rubuta wani lissafi don bayyana ƙarfi mai tsanani, zuwa 1970 Yoichiro Nambu da Holger Nielsen da Leonard Susskind suka gane cewa lissafin tsirkiya mai rawa ne. Da nazariyyar kwak da guluwon ta yi nasara, aka watsar da ita. A 1974 Joël Scherk da John Schwarz, da Tamiaki Yoneya a nasa ɓangaren, suka ce ai ba ta ƙarfi mai tsanani ba ce, ta jan nauyi ce. Kusan babu wanda ya saurare su sai 1984, lokacin da Michael Green da Schwarz suka nuna cewa wata matsalar lissafi da ake tsoro tana soke kanta. Aka yi ca a kanta, aka wayi gari da nazariyya biyar maimakon ɗaya. A 1995 Edward Witten ya kawo hujjoji cewa biyar ɗin fuskoki ne na abu guda da ya kira nazariyyar M, wadda har yanzu ba a gama rubuta cikakkun dokokinta ba.

10. Me ake nufi da cewa sarari yana da fuska 10 ko 11?

Mun san tsawo da faɗi da zurfi, a ƙara lokaci, huɗu ke nan. Lissafin tsirkiya ba ya daidaita sai in fuskokin sun kai 10, a nazariyyar M kuma 11. Ba zaɓa aka yi ba, lissafin ne ya tilasta. Amsar da ake bayarwa game da shidan da ba mu gani ita ce sun naɗe sun ƙanƙance. Igiyar shanya in ka hango ta daga nesa layi ce mai fuska ɗaya, gaba da baya, amma tururuwar da ke kanta tana iya zagaya kaurinta. Tunanin ya girmi nazariyyar tsirkiya, Theodor Kaluza da Oskar Klein sun gwada shi da fuska ta biyar a shekarun 1920.

Ba wata duniyar aljanu ba ce da ake shiga a fita, duk wanda ya gaya maka haka ba fiziks yake karantar da kai ba. Yadda fuskokin suka naɗe shi ke yanke irin ƙwayoyin da za a gani da nauyinsu, kuma nan ne matsalar tambaya ta gaba take.

11. An tabbatar da ita?

A'a. Babu gwaji ko ɗaya da ya nuna tsirkiya, ko ƙarin fuska, ko girabiton. Ana zaton tsawon tsirkiya yana kusa da mita 1 a raba da 1 mai sifiri 35. Kafin a leƙa can kai tsaye ana buƙatar ƙarfin da ya ninka na LHC kusan sau biliyan ɗaya har gida miliyan. An sa rai LHC zai ga wasu abokan ƙwayoyi da yawancin siffofin nazariyyar ke buƙata, bai gan su ba. Wannan bai kashe ta ba, don tana iya cewa nauyinsu ya fi ƙarfin injin, amma bai taimake ta ba.

Sukar da ta fi ciwo ita ce hanyoyin naɗe fuskokin nan suna da yawan gaske, adadin da ake yawan ambata shi ne 1 mai sifiri 500, kowace da irin duniyar da take haifarwa. Masana irin su Peter Woit da Lee Smolin sun ce nazariyyar da za ta iya dacewa da kusan kowane sakamako ba ta faɗi komai ba. A ganinmu suna da gaskiya a wani ɓangare. Ka sa kwak da Higgs a kwando ɗaya, na abin da aka auna, ka sa tsirkiya a wani kwandon, na shawara mai ƙarfin lissafi da ke jiran shaida. Bidiyoyi da yawa suna juye su wuri guda.

12. In haka ne, me ya sa manyan masana ba su bar ta ba?

Saboda ta yi aiki a wuraren da ba a zata ba. A 1996 Andrew Strominger da Cumrun Vafa suka ƙirga yanayoyin cikin wani nau'in baƙin rami da ita, amsar ta yi daidai da abin da Jacob Bekenstein da Stephen Hawking suka samu ta wata hanya daban a shekarun 1970. A 1997 Juan Maldacena ya nuna cewa wata nazariyyar jan nauyi da wata nazariyyar ƙwayoyi marar jan nauyi abu ɗaya ne da harshe biyu, har ana aron wannan dabara wajen nazarin ruwan kwak da guluwon. Masana lissafi ma sun ci riba, Witten ya karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, a 1990. Akwai masu bin wasu hanyoyin haɗa jan nauyi da kwantam, su ma babu wanda gwaji ya gaskata.

13. Wane lissafi nake buƙata, kuma daga ina zan fara?

Gaggawa aikin shaiɗan, a nan kam maganar ta zauna. Fara da aljabra da tirigonometiri har su zama jiki, sai kalkulas, sai lissafin matiris da bekta, sai lambobi masu sarƙaƙiya. A fiziks kuma: makanikan Newton da na Lagrange, lantarki da maganaɗisu na Maxwell, dangantakar Einstein ta musamman, makanikan kwantam. Wannan shi ne digirin farko. Bayansa sai nazariyyar filin kwantam, wadda ita ce harshen Daidaitaccen Tsari, tare da lissafin rukuni, sai dangantaka ta gama-gari. Tsirkiya tana zuwa bayan duk waɗannan.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne karatu babu alƙalami. Ka karanta babi ka ji ka gane, a ba ka tambaya ta farko ka kasa. Wanda ya warware matsala biyar a rana ya fi wanda ya kalli lacca biyar. Kuma ka ba lissafin lilo, wato abin da ke kai-komo kamar nauyi a jikin sifirin ɗin ƙarfe, lokaci na musamman: filin kwantam tarin lilo ne, tsirkiya ma haka.

14. Ba ni da kuɗin littattafai, waya kawai nake da ita. Zai yiwu?

Har wani mataki mai nisa. Laccocin Richard Feynman suna shafin jami'ar Caltech kyauta. MIT ta saki darussanta da tambayoyin gwaji. David Tong na Kambirij ya sa rubutattun darussansa a intanet, daga makanika har tsirkiya. Laccocin Susskind na Stanford suna YouTube, an shirya su don manya da suka bar makaranta. Sababbin bincike kuwa ana zuba su a arXiv tun 1991. Saboda tsadar data, rubutu ya fi bidiyo: sauke sau ɗaya, ka yi wata uku kana fama da shi. Turanci dole ne, ko Faransanci a matakin farko. Bi jerin tambaya ta 13, kada ka tsallaka.

15. In na gama digiri, ina zan nufa? Kuma akwai aiki?

Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, har da fannin ƙwayoyi, tana kuma da reshe a Kigali. Cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya assasa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu da tallafi. Akwai kuma makarantar fiziks ta Afirka ta 'yan makonni, wadda ta fara a 2010 ta kuma sauka Kumasi a 2012. Masana daga Maroko da Masar da Afirka ta Kudu suna cikin ayarin LHC. A gida, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004.

Kujerun bincike a tsirkiya kaɗan ne ko a Turai da Amurka. Mafi yawan waɗanda suka yi karatun suna komawa koyarwa, sarrafa bayanai, banki, ko fiziks na asibiti. Injin gashin ciwon daji ɗan ƙaramin mai harba ilaktaron ne, hoton PET da fositiron na tambaya ta 2 yake aiki, shafukan yanar gizo ma a CERN Tim Berners-Lee ya tsara su a 1989.

16. Na ƙirƙiro tawa nazariyyar da ta haɗa komai. Wa zan aika wa?

Kafin ka aika wa kowa, gwada ta da kanka. In babu lissafi a ciki, tunani ne, bai zama nazariyya ba tukuna. In akwai, sai ta sake fitar da abin da aka riga aka auna: launukan hasken haidurojin, tsawon ran miyuwon, nauyin W da Z. Gwajin da ya fi tsauri shi ne ƙarfin maganaɗisun ilaktaron. Lissafin Dirac ya ba da 2, Julian Schwinger ya ƙara gyara a 1948 ya zama 2.0023, yau awo ya ba da 2.00231930436, lissafin Daidaitaccen Tsari kuma ya bi shi lamba bayan lamba. Fara da 2 ɗin, in ta fito ka nemi malamin fiziks mafi kusa da kai ku duba sauran tare.